Zumar da Malam Gana Ya Rantse a Kanta

"Gobe da sassafe a mayar masa da gorarsa," in ji Malam Gana, ko kai bai ɗago daga allon da yake dubawa ba. "Zakaran Bunu kuwa yau za a yanka shi. Na kira shi cin abinci bayan Magariba."

Barira tana durƙushe a ƙofar zaure ta cikin gida. Maganar mahaifinta ta daki ƙirjinta. Ta dubi abubuwa biyun da ke jingine da bango tun jiya: wani jan zakara ɗaure da igiyar kaba yana ta fizge-fizge, da 'yar gorar zuma da aka toshe bakinta da kaki.

A ƙauyen nan nasu na bakin kogin Haɗeja ba a ɓata baki wajen amsa wa mai neman aure. Abin da ya kawo wa uban mace na gaisuwa, in an ci, an karɓe shi. In an mayar masa da abinsa yadda ya kawo, to ya nemi wata ƙofar. Zakara na Bunu ne, falken kanwa mai jakuna ashirin. Zuma ta Shu'ibu ce, wanda bai mallaki komai ba sai amyoyin da ya rataya a itatuwan fadama, da zuciyar Barira.

"Baba," ta ce, "ba a tambaye ni ba."

"Yanzu ai kin ji."

"Na ji, amma ba a tambaye ni ba. Auren fari kai ka zaɓa, na bi, ban ce uffan ba. Ruwa ya cinye mijin, na yi takabata, na dawo ɗakin uwata. Shekara biyu ke nan. Kai da bakinka kake karantar da mutane a zauren nan cewa bazawara ba a ɗaura mata sai ta ce e."

Malam ya ajiye allo. Ya dube ta da idanunsa da suka fara hazo.

"Wa ya ce zan ɗaura miki dole? Zakara kawai zan ci. In kin ga za ki iya kunyata ni bayan gari ya ji na ci, bismillah."

Nan ne fa dabarar tsohon take, kuma Barira ta gane ta sarai. Ba zai tilasta ta ba, kunya zai sa ta tilasta masa ita.

"Me Shu'ibu ya yi maka, Baba?"

"Kin fi kowa sani. Tashi ki ba ni wuri."

Ta sani kuwa, duk garin ma ya sani, har da na goye. Shekara uku da suka wuce, ranar wata kasuwar Haɗeja, Malam ya hau jakinsa ya sha sabon rawani. Da ya iso gindin tsamiyar bakin mashaya sai ya yi sha'awar 'ya'yanta, ya ɗaga sandarsa zai kaɗo. Ido ba ya gani sosai, sanda ta sauka a kan amyar Shu'ibu. Abin da ya biyo baya ba a faɗarsa a gabansa. Jaki ya yi gabas, Malam ya yi kogi, ya faɗa tsundum da rigarsa da komai. Rawani ya warware ya bi ruwa, matan da ke wanki suka ga sanƙon Malam tas a rana. Da ya fito yana ɗigar ruwa, leɓe a kumbure, ya ɗaga yatsa a gaban jama'a ya ce, "Wallahi zumar yaron nan ba za ta taɓa shiga bakina ba."

Laifin ke nan gaba ɗayansa. Ba sata, ba zagi, ba mugun asali. Shu'ibu ya zo ban haƙuri har sau uku, Malam ya ƙi fitowa. Ƙudan da suka harbe shi sun mutu tun a ranar, amma a zuciyar Malam har yau suna nan suna kuka.

Barira ta miƙe. Ta sunkuya ta kwance zakaran Bunu, ta ɗauki gorar da ɗaya hannun.

"Zan ba shi ruwa kafin yanka," ta ce.

Malam ya ɗaga mata hannu ya koma kan allonsa.

*

Da rana ta ɗan karkata ta ɗauki tulu ta nufi kogi. Ruwa ya fara ja baya a shekarar, fadama ta yi kore shar da shinkafa, masunta na can nesa a kan gorunansu. A gindin tsamiyar nan ta sami Shu'ibu, yana saƙa sabuwar amya da zana. Bayan hannunsa na hagu a kumbure yake da harbin ƙudan zuma kamar kullum.

Yana ganin fuskarta ya ajiye aikin.

"Ya ƙi," in ji Shu'ibu.

"Ya ce gobe a mayar maka."

Ya murza wani tsinke a yatsunsa. Can ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Me zan ce, Barira? Mahaifinki ne. Malamin garinmu ne."

"Ni kuma fa? Ni wace ce?"

Muryarta ta karye. Ta dire tulun da ƙarfi har ya kusa fashewa, hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo.

"Shekara guda ina jiran ka buɗe baki. Da ka buɗe, na ce Allah ya ji kukana. Yanzu tun ba a kai ko'ina ba ka fara yi min addu'ar rabuwa?"

"Kada ki yi kuka, don Allah. Kukan nan naki ya fi min harbin duk ƙudan fadamar nan ciwo." Shi ma idonsa ya kawo ruwa, ya juya kai. "Zumar nan da na kai, ta farkon ɗiba ce, ta furen gawo. Ko ɗanɗanawa ban yi ba. Na ce ko Allah zai sa ya tuna cewa ba ni na aiko ƙudan ba. In gorar ta dawo hannuna a toshe, ba zan iya zama garin nan ba. Ba zan iya tsayawa ina kallo a kai ki gidan Bunu ba. Zan sauke amyoyina in koma wajen kawuna a Miga."

"Ka gudu ke nan."

"In ba ki wuri ke nan. Bunu mutumin kirki ne, yana da abin hannu. Ba za ki sha wahala ba."

"Wa ya ce maka wahala nake gudu? Na zauna da mutumin kirki shekara huɗu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga min murya ba, ban kuma taɓa ɗokin jin sallamarsa ba. Ba zan sake irin zaman nan ba, Shu'ibu. Ko da zan tsufa a ɗakin uwata."

"Rantsuwa ya yi, Barira. Da sunan Allah ya rantse, a gaban mutane."

"Mutum nawa suka zo zaurensa da rantsuwa a bakinsu, ya warware musu? Ina jin su ta bayan zana. Wancan ya rantse ba zai ƙara shiga kwalekwalen ƙanensa ba, wannan ya rantse ba zai ci tuwon matarsa ba. Sai ya ce su ciyar da miskinai goma su koma su yi abin da ya fi. Ga kowa akwai kaffara, sai shi?"

Ta share fuska da gefen mayafi, ta cika tulunta, ta ɗora a kai ba tare da ta bari ya taya ta ba. Har ta juya ta tsaya.

"In za a gasa nama da zuma, yaushe ake sa ta?"

Ya dube ta da mamaki. "A ƙarshe. Zuma ba ta son harshen wuta, nan da nan take ƙonewa ta yi ɗaci. Sai garwashi ya kwanta ya fara toka. Me ya sa kike tambaya?"

"Kada ka sauke amya ko ɗaya," ta ce, "sai ka ga gorarka."

"Barira, me za ki yi?"

Ba ta waiwayo ba.

*

Akwai abin da maza ba su sani ba a cikin gidajensu, kuma kaji na ciki. Namiji ya san jakinsa, ya san akuyarsa, amma kaji na mata ne, shi dai a miƙo masa ya yanka. Barira tana da nata jan zakaran, jikan wata kaza da mahaifiyarta ta bar mata. A hannu ta raine shi, da tsakin gero, tun yana ɗan tsako. Ta sha hana a yanka shi, har da Sallar bara.

Ta ɗaure zakaran Bunu a ƙarƙashin rumbu, ta kife shi da babban kwando, ta jefa tsohon buhun kaba a kai. Duhu ya rufe shi, ya yi tsit. Sannan ta watsa tsaba, nata ya taho da gudu yadda ya saba, ta cafke shi. Ya ɗago kai ya dube ta. Ta kau da ido.

Bayan La'asar ta kai wa Malam a bayan zaure.

"Ga shi, Baba."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ba ta ƙara ko kalma ba. Malam ya taka fukafukan, ya fuskanci alƙibla, ya yi bismillah ya yanka.

"Bunu ya iya zaɓe," ya ce yana goge wuƙa. "Ji nauyi."

Ta ɗauko abinta ta koma madafa.

Iya, mahaifiyar Malam, tana zaune a kan tabarma kusa da murhu tana kaɗi. Ta tsufa har ta ranƙwafa, amma idonta ya fi na ɗanta gani nesa ba kusa ba. Ta bar Barira ta tsoma zakaran a ruwan zafi, ta bar ta ta fara figa, sannan ta ce,

"Ikon Allah. Zakaran Bunu har da karyayyen farcen naki ya kwaikwaya."

Hannun Barira ya tsaya.

"Iya..."

"Ci gaba da aikinki, 'yar nema. Ni ban ga komai ba, tsohuwa ce."

Barira ta fige shi tas, ta babbake sauran gashin, ta ware gashin fiffike guda mai tsawo ta wanke ta ajiye. Ta fasa shi ta fitar da kayan ciki, ta raba shi gida shida. Ta daka citta da masoro da kanumfari da ɗan barkono, ta yanka albasa, ta zuba duka a tukunya da gishiri da ruwa kaɗan, ta rufe. Ba wani girki ne mai wuya ba. Kafin shinkafa ta tsotse a ɗaya murhun, nama ya yi laushi, ƙamshi ya cika gida. Ta jiƙa tsamiya a 'yar ƙwarya, ta tace, ta narka man shanu a kasko.

Sai ta shiga ɗaki ta fito da gorar.

Iya ta ajiye mazari.

"Ke! Kin san abin da kike yi?"

"Na sani."

"In kika fasa kakin nan, gorar ba ta komuwa."

"Shi ya sa."

Ta sa bakin wuƙa ta ɓalle kakin. Zuma ta gangaro a hankali, fara-fara, mai kauri. Ta zuba rabi a kaskon man shanu, ta ƙara ruwan tsamiya, ta juya har suka haɗe. Ba ta zubar da ko ɗigo ba.

"Saurara, Barira," in ji Iya, muryarta ta sauya, babu wasa a ciki. "Taurin kan ubanki ni na san shi, a cikina ya kwana wata tara yana harbi. Yaron nan mai zuma ban ga aibinsa ba. Amma ɗana ya rantse da Allah. Ba za a ɗura masa abin da ya rantse a kai yana bai sani ba, ina raye ina kallo. Wannan ba jarumta ba ce, cin amana ne."

"Ba zan ɓoye masa ba. Zan faɗa kafin ya sa hannu."

"A gaban baƙo?"

"A gaban baƙon. In na faɗa a ɓoye, a ɓoye zai binne maganar."

Iya ta daɗe tana kallonta. "Bakin ubanki gare ki," ta ce. "Allah ya sa ki same shi lokacin da kike nemansa."

Barira ta janye itacen, ta baje garwashi, ta jira. Ta jira har jan ya lafa, toka ta fara hawa kansa, yadda aka gaya mata. Ta tsame naman ta soke shi a tsinkaye, ta jera a kan duwatsun murhu. Da gashin fiffiken nan na zakaranta ta riƙa shafa zumar, ta juya, ta sake shafawa. Fatar ta fara ɗaukar ja, ta koma kamar jan ƙarfe, tana sheƙi, tana 'yar ƙara in mai ya ɗiga. Sau uku ta shafa. Ƙamshin ya tsallake katanga, har matar maƙwabci ta ɗaga murya tana tambaya ko suna ake yi ba a gaya mata ba.

"Talata ce kawai," in ji Iya. "Abincin dare muke yi."

Aka kira Magariba.

*

Bunu ya zo da riga mai aska, yana ƙamshin turare. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, furfura ta fara fito masa a gemu. Ba mugu ba ne, wannan ma na cikin abin da ya sa ƙin nasa ke da wuya. Ya zauna a kan buzu daura da Malam, fitilar mai na ci a tsakaninsu.

Barira ta yi sallama ta shigo da akushin shinkafa, ta koma ta kawo na nama a rufe da faifai. Ta durƙusa ta gaishe su, ta zuba musu ruwan wanke hannu. Maimakon ta fita, sai ta koma gefe ta sake durƙusawa.

Malam ya ɗaga faifan. Naman ya yi ƙyalli a hasken fitila.

"Masha Allah," in ji Bunu. "Na yi Kukawa, na yi Kano, ban ga an yi wa kaza irin wannan ado ba."

"Zakaranka ne ai," Malam ya ce yana murmushi. "Sa hannu, bismillah."

Yanzu ne. Barira ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Harshenta ya manne. Duk maganar da ta tsara a bakin murhu ta watse, ba ta ganin komai sai hannun mahaifinta, wanda ya koya mata alif, yana miƙewa zuwa akushi. Ya kama cinya.

Sai cara ta tashi daga cikin gida.

Wata irin cara ce mai kaushi, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. A can gindin rumbu Iya ta ɗage kwando, ta kawo bakin wuta kusa, zakaran da ya wuni a duhu ya ɗauka gari ne ya waye. Ya sake yi, har da ƙari.

Bunu ya karkata kai.

"Allah ya gafarta Malam, muryar nan na san ta. Daga Kafin Hausa na ɗauko mai ita, kwana biyu yana yi min ita a kunne."

Malam ya dubi cinyar da ke hannunsa. Ya dubi 'yarsa.

"Barira. Mene ne wannan?"

Carar ce ta kwance mata harshe. Ta ɗago kai.

"Zakarana ne, Baba. Nawa na kawo maka ka yanka. Na Bunu yana nan da ransa, ya ci ya sha. Kada ka kai baki tukuna, akwai saura. Abin da ke sheƙi a jikin naman nan zumar Shu'ibu ce. Ni na fasa gorar."

Malam ya saki cinyar kamar ta ƙone shi. Ya riƙe hannun a sama, yatsu a buɗe, zuma na naso a kansu.

"Ni za ki yi wa haka? A zaurena? A gaban baƙona?"

"Da na so cutarka da na yi shiru ka ci."

"Rufe min baki!"

"Na rufe shi shekara ashirin da biyar, Baba. Yau kaɗai nake roƙo." Hawaye na zuba, amma muryar ba ta rawa. Ta juya wajen baƙon, ta sunkuyar da kai. "Ka yafe ni, ban yi don in wulaƙanta ka ba. Ba ka yi min komai ba sai alheri. Amma da in shiga gidanka zuciyata na wani wuri, gara ka ji yau a gaban mahaifina, da ka gane da kanka bayan shekara."

Fara'ar Bunu ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon akushin. Sannan ya jawo ƙwaryar ruwa ya wanke hannun da bai taɓa komai ba, ya miƙe, ya gyara rigarsa.

"Malam, na zo da girmana, zan koma da shi. A miƙo min zakarana."

"Bunu, zauna. Yarinya ce, zan..."

"Ba yarinya ba ce, Malam. Ta faɗi abin da ta faɗa."

Kafin a aika, sai ga hannun Iya ta ƙofar ciki, riƙe da zakara ta ƙafafu. Ashe tana nan a tsaye. Bunu ya karɓa, ya maƙale shi a hammata, ya yi sallama ya fita. Har ya yi nisa ana jin kukan zakaran.

Zaure ya rage uba da 'ya, da akushi a tsakaninsu.

"Kin tozarta ni," in ji Malam, a hankali yanzu, abin da ya fi tsawar ciwo. "Gobe duk masu wanki za su samu sabon labari."

"Tsohon ma kai kaɗai kake riƙe da shi, Baba. Mutane sun yi dariyarsu ta kwana uku sun manta. Kai ne kake tuna musu duk lokacin da ka kauce wa tsamiyar nan ka zaga ta cikin laka."

Ya zaro ido. Ba wanda ya taɓa gaya masa haka.

"Ba zan gudu ba," ta ci gaba. "Ba zan kai ka gaban alƙali ba, ba zan nemi wani waliyyi ba. In ka ce a'a, yanzu zan ɗauke akushin nan in ba maƙwabta. Shu'ibu ya tafi Miga, ni in zauna ina dafa maka tuwo har ƙarshen raina, ba kuma za ka ji na ƙara ambatonsa ba. Amma wani zakara ba zai sake shigowa gidan nan da sunana ba. Gorar kuma ba ta komuwa a toshe, ko an so."

"Na rantse da Allah, Barira."

"Na sani. Na kuma ji abin da kake gaya wa masu rantsuwa. Ko tasu ce kaɗai mai magani?"

Fitila ta yi ƙasa, ta sake tashi. Malam na zaune da hannunsa a sama har yanzu, bai wanke ba, bai kuma sauke ba. Wani ɗigon zuma ya gangaro daga yatsansa zuwa tsintsiyar hannu.

"Wane zakaran ne naki?" ya tambaya. "Ba dai na kazar uwarki ba?"

"Shi ne."

"Wanda kika hana ni da Sallah?"

"Shi."

"Kika kawo min da hannunki na yanka."

"Ba ni da abin da ya fi shi, Baba."

Sai a nan kukan ya ƙwace mata. Ta kife fuska a gwiwa, kafaɗunta na girgiza. Ta ji motsinsa, ta ɗauka tashi zai yi ya bar mata zauren. Ta miƙa hannu a makance za ta ɗauke akushin.

"Bar shi nan."

Ta tsaya.

"Iya," Malam ya kira, bai ɗaga murya ba, don ya san inda take.

"Ina ji."

"Geron rumbu zai kai mu kaka?"

"Har ya yi saura."

"Gobe da safe a auna mudu goma. A nemo mutum goma masu buƙata, kowa a ba shi nasa."

Iya ta yi wani ɗan tari da ya yi kama da dariya.

Malam Gana ya sauke hannunsa cikin akushi, ya ɗauki cinyar da ya saki. Ya yi bismillah a fili, ya kai baki. Ya tauna a hankali, fuska a murtuke, kamar mai shan magani. Ya haɗiye. Ya sake gutsura, wannan karon babba.

Barira na kallonsa ta cikin hawaye, ta kasa ko numfashi.

"Me kike kallo?" ya ce, baki cike. "Kai wa Iya ƙirjin, haƙoranta ba sa son ƙashi. Ki kuma aika wa yaron nan da gorarsa yadda take, rabi. Ki ce ya zo da manyansa ranar Juma'a."

Ta ɗauki ƙirjin a faifai, ta miƙe. Ta kai ƙofa ya sake kiranta.

"Barira."

"Na'am, Baba."

Yana lasar yatsa, bai dube ta ba.

"Ki ce tun da sassafe ya hau tsamiyar nan ya ɗaga amyarsa sama. Gobe ta nan zan bi."